Takwaran Ɗan Sahabi

Ga wata nan na kawo muku. Ku kife wayoyin nan a kan tabarma, mai jin barci kuma ya tashi tun yanzu, don in na kai ƙarshe kowa sai ya yi magana.

An yi wani mutumin Malam Madori, Alhaji Kallamu, wanda neman abinci ya kai shi can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. A can ya haifi 'ya'ya maza huɗu, a can kuma aka binne shi. Babbansu Sahabi, sai Nafi'u, sai Mudi, sai auta Hafizu. Uban ya tashe su da tarbiyyar gida: babba shi ne a gaba, ƙarami kuma ba ya maimaita wa babba magana. In ya faɗa sau ɗaya, ya gama.

Yaran nan suka tashi da wasan mutanen ƙasar, wato zamiya a kan ƙanƙara. Dogayen katakai biyu ake ɗaurawa a ƙafa, a riƙe sanda a kowane hannu. Su kuwa ba sa zuwa filin da aka share wa 'yan koyo. Dutsen bayan garinsu suke hawa, can inda babu hanya sai wadda ƙafarka ta yi, sannan su sulalo. Har ta kai 'yan ƙasar in sun ga sawu huɗu a jere a kan gangare sai su ce 'ya'yan Kallamu sun wuce. Ba mu gaji abin ba, amma da jininmu ya shiga cikinsa bai tsaya a baya ba.

Sai ku san halin ƙanƙara. Wadda ta sauko sabuwa kamar garin tuwo take. In ɗumi ya taɓa ta sai ta zama talge, in sanyi ya dawo ta daskare ta koma ƙanzo. To, in sabon gari ya zuba a kan ƙanzon nan, ba ya kamawa. Duk macen da ta taɓa karkata tire da gari a kai ta san sauran.

Wata Asabar, Zinatu matar Sahabi, wadda watanta ya tsaya, ta kore shi daga gida. Ta ce, "Ka ishe ni da zirga-zirga kamar kai ne za ka haihu. Je ka dutsenku, amma la'asar ta yi maka a nan." Ya yi mata alkawari, ya kwashi ƙannensa suka hau.

Suna can sama iska ta juya, ta zo da ɗumi. Da suka gangaro suka iso wani faffaɗan gangare da suka tsallaka da safe lafiya lau, sai Nafi'u ya soka sandarsa, ya ji ta nutse luguf sannan ta daki tauri. Ya ce, "Yaya, wannan ba ƙanƙarar safe ba ce. Mu zagaya ta cikin itatuwa."

Sahabi ya dubi rana, ya ga la'asar ta kusa. Ya ce, "Wa ya koya maka ɗaura katakon ma? Ku biyo ni."

Shi kansa hankalinsa bai kwanta ba. Da Nafi'u ya sake faɗa, da ya juya. Har ya ɗan dakata yana jira. Amma ɗan Kallamu ba ya faɗa wa babba sau biyu, babba kuma ba ya janye maganarsa haka kawai a gaban ƙannensa. Ya tura sanda ya shiga. Yana kaiwa tsakiya ya ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafarsa, gangaren ya tsage daga sama, ya taho gaba ɗaya ya yi gaba da shi.

Da abin ya tsaya, Sahabi bai san ina ne sama ina ne ƙasa ba. Duhu, baki cike da ƙanƙara, ko yatsa ba ya motsi. Ya yi kalmar shahada a zuci. Sai ya tuna cikin Zinatu, ya ce in namiji ne to sunansa za a sa masa, sunan uban da bai taɓa gani ba. Daga nan bai ƙara sanin komai ba. Abin da ya faru a sama, daga baya aka ba shi labari.

Nafi'u dai, lokacin da yayansu ya ce a biyo shi, Mudi da Hafizu sun ɗaga ƙafa za su bi, kamar yadda suka saba tun suna yara. Shi ya cafke rigunansu ta baya ya riƙe. Bai taɓa saɓa wa umarnin babba ba sai ranar. Da dutsen ya zubo, su biyun suka rufe ido suna salati, shi kuwa bai ko ƙifta ba. Ya bi jar hular Sahabi da ido har inda ta nutse, ya sauka ya kafa sandarsa ya ce, "Nan." Filin da ƙanƙarar ta rufe ya fi kasuwar ƙauye faɗi.

Mudi kuwa, ƙaton cikinsu, shi ya tona. Ƙanƙarar da ta zubo ta tsaya ta fi busasshiyar laka tauri. Ya yi ta sara da shebur har ƙotar ta karye, ya ci gaba da hannu. Safar hannun ta yage, bai tsaya ba. Ya iske fuskar yayansa ta yi shuɗi, babu numfashi. Ya ƙwaƙule masa baki, ya ɗora nasa a kai yana hura masa iska har Sahabi ya yi tari. Yatsu biyu na hannun daman Mudi sanyi ya cinye su, sai da likita ya yanke.

Sai Hafizu. An fito da Sahabi da rai, amma cinyarsa ta karye, sanyi kuma ya shiga ƙashinsa, ga waya ba ta kamawa a wurin. Hanyar itatuwa tana da lafiya, sai dai kafin a kai gari ta nan mutum ya sandare. Hafizu ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe yayansa, ya nufi wani matsattsen kwazazzabo wanda ko 'yan ƙasar ba sa bi in iska ta juya. Daga shi sai 'yar shara ya faɗa ciki, ƙanƙara na zubowa a bayansa. Ya isa bukkar masu ceto leɓensa ba ya haɗuwa, da hannu ya nuna musu wurin. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko Sahabi da sauran ɗuminsa.

Yana kwance a asibiti Zinatu ta sauka, namiji. Sahabi ya ce ya rantse ba zai sa wa yaron suna ba sai na wanda ya cece shi. Ƙannen suka zo dubiya, ya faɗa musu.

Mudi ya ɗaga hannunsa mai bandeji ya ce, "Yaya, shaiduna biyu suna wajen likita, a je a tambaye su."

Hafizu ya ce, "Kai tonowa ka yi, Yaya Mudi. Ko dankali ana tonowa."

Nafi'u ya ce, "Da na saki rigunanku, wa zai tono wa?"

Sahabi ya yi dariya har cinyar ta amsa, amma da suka fita sai ya shiga lissafi. In ya ce Nafi'u, sai ya tuna yatsun Mudi. In ya ce Mudi, sai ya ga auta cikin kwazazzabo babu riga. In ya ce Hafizu, sai ya tuna sandar da aka kafa daidai kansa.

Kada wani ya ce min a sa sunan Kallamu, ɗan farin Sahabi ya riga ya ɗauka. Kada kuma a ce a haɗa masa duka ukun, yaro ba buhu ba ne. Rago yana ɗaure, liman ya zauna, suna ɗaya za a raɗa.

To, ku faɗa min: tsakanin Nafi'u da Mudi da Hafizu, wane ne ya cancanci a yi masa takwara?