Gidan Iya da Takwarori Goma Sha Ɗaya

An ce wai a garin Dokar Gawo, zamanin da ake zuwa Kano a kan jaki, an yi wata ungozoma da ake kira Iya Kubura. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin garin ita ta yanke musu cibiya. Ba ta karɓar komai sai goro da ɗan sabulun salo, saboda haka mutane suka rasa abin da za su saka mata da shi sai suna. Duk gidan da aka sha wuyar naƙuda aka sami mace, ranar suna ba sai an tambaya ba, Kubura ce. Kafin Iya ta tsufa, takwarorinta sun kai goma sha ɗaya. Ni da nake ba ku labarin nan, kakata tana cikinsu, ita ce Kubura Doguwa, kuma daga bakinta na ji.

Ta ce shekarar da Bature ya zo ƙidayar mutane, sunan ya yi ta maimaituwa har ya gundure shi. Sai ya rubuta shi sau ɗaya, ya liƙa masa harafi guda a ƙarshe, ya sa lamba, ya wuce. Tafinta ya ce a Turance haka ake tara masu suna ɗaya, kamar an ɗaure dami. To, su sun huta. Mu ma "su Kubura" muke cewa, amma mun san kowace da gidansu da halinta.

Da ajali ya matso, Iya ta yi wasiyya a gaban liman da mai unguwa. Ta ce gonaki na ɗan ƙanenta ne, gidan nan kuwa, da tsamiyarsa da rijiyarsa, a ba takwararta. Liman ya ce, "Wacce daga ciki, Iya?" Ta buɗe baki, amma kalmar shahada ce ta fito, ta cika.

Ana gama sadakar arba'in, kowace Kubura ta tuna cewa ita Iya ta fi so. A cikin gidan kuwa akwai guda ɗaya da ake ce wa Ta-Iya. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, Iya ta goya ta har yaye, sannan ta mayar wa ubanta da ita. Da mijinta ya mutu, ta dawo da 'ya'ya biyu ta zauna tana jinyar tsohuwa. In gidan ya fita daga hannunta, ba ta da inda za ta sa kanta.

Magana ta je gaban Alƙali Zubairu, baƙo ne a garin, bai san kowa ba. Ya duba ya ga gidan bai wuce sulusin dukiya ba, wasiyya ta tsaya. Saura wacce. Babbarsu ta ce ita ce takwarar fari. Wata ta ce ubanta rago biyu ya yanka ranar sunanta. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta kawo shaidu uku cewa duk Juma'a tana kai wa Iya fura. Kowace da shaidunta, kuma babu maƙaryaciya a cikinsu.

Alƙali ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowace ta miƙe ta faɗi sunan mamaciyar da bakinta, ta faɗi nata, muhuti ya rubuta. Wadda ba ta faɗa ba, ba ta cikin ƙara."

Abu mai sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe: Kubura, Kubura. Kakata ta ce ita har da ɗaga murya, don kada muhuti ya ce bai ji ba. Da aka zo kan Ta-Iya, ta miƙe, ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, yaya sunan mamaciya?"

"Allah ya gafarta malam, Iya ce."

"Ba laƙabi na tambaya ba. To, ke yaya sunanki?"

"Irin nata ne."

Mutane suka fashe da dariya. Alƙali ya murtuke fuska ya ce, "Kin ji sharaɗi. Kalma ɗaya ce tsakaninki da gida."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, a bayanta na yi wayo. Tun da na fara magana bakina bai taɓa kama sunan nan ba, tana raye ban faɗa ba, sai yau da ƙasa ta rufe mata ido? A ba su gidan. Ni dai a bar ni in ɗauki tasar da take yi wa jarirai wanka a ciki."

Ta juya za ta fita, alƙali ya ce ta tsaya. Ya dubi jama'a ya ce, "Ni baƙo ne, amma na san a ƙasar nan 'ya ba ta kiran sunan uwarta, ko da wuƙa a wuya. Goma sun ɗauki sunan matar nan, sun kyauta, kuma kowace tana da igiya a rijiyarta har abada. Ɗaya kuwa ita matar ta ɗauka a matsayin uwa. Wadda ta yarda ta rasa gida don kada ta taɓa sunan, ita mai sunan ke nufi. Muhuti, rubuta: gida na Ta-Iya ne."

Kakata ta ce kunya ta rufe su har ba wadda ta iya ɗaga kai. Ita ce ta fara zuwa ta riƙe hannun Ta-Iya, kuma furar Juma'a ba ta daina zuwa gidan ba sai da ƙafa ta gagari kakar tawa. Duk sanda ta ba mu labarin, da dariya take farawa, ta ƙare tana share ido da bakin zane.

Na koma garin bara. Tsamiyar tana nan, rijiyar ta ƙafe, kuma na ji yaro yana ƙwala wa uwarsa kira da sunanta tsirara daga bakin titi, ba wanda ya ko waiwaya. Raina ya ɓaci, na yi kewar mutanen da. Da gaskiyar alƙali: rago ɗaya ya isa a yi takwara, amma 'ya sai kunya ke nuna ta.