Ƙasusuwan da Madugu Yagwal Ya Kai Arewa

A garinmu Salango, a bakin teku, an yi wani madugu mai suna Yagwal. Shi ke da jirgi mafi girma a gaɓar nan, na manyan gumaguman itace da aka ɗaure da igiya, da zanen auduga da iska ke turawa. Ya san teku, ba mai musun wannan. Aibinsa shi ne duk abin da ya shiga hannunsa, kaya ne ko mutum, sai ya fara tunanin abin da za a ba shi a kansa.

Fatakenmu sukan kai jar katantanwar teku da zannuwa da tagulla can ƙasar arewa, tafiyar watanni a kan ruwa, su komo da shuɗin dutse. Tun zamanin kakanni akwai ƙa'ida tsakaninmu da mutanen can. Duk jirgin da zai juyo gida zai bar musu mutum ɗaya namu, ya ɗauko ɗaya nasu. Kowanne ya zauna kamar ɗan gida, ya koyi harshe da sana'a, sai tafiya ta gaba a mayar da kowa ga uwarsa. In kuwa baƙon ya mutu, a kai ƙasusuwansa gida.

A wata tafiya da Yagwal ya yi, wanda aka bari shi ne Chilan, maƙerin tagulla, saurayina da aka yi mana baiko. Mutanen can su suka roƙa a bar shi ya koya musu narkar da ƙarfe. Wanda aka kawo mana kuwa Erandi ne, ɗan mai masaukin fatakenmu, saurayi mai yawan dariya. Shi ya koya wa matan unguwarmu dafa masara da toka kafin a niƙa. Ni kuma nakan tsare shi da tambaya, don sun daɗe tare da Chilan lokacin da jirgi ke jiran iska.

"Yana cin abincinku kuwa?"

"Yaya, ci kai! Barkononmu ne kawai ke sa shi hawaye, sai ya ce wai ke ya tuna."

Ana nan sai fataken tsauni suka sauko da dabbobin dakonsu. Shugabansu ya ga Erandi, ya yi sha'awar mallakar bara mai baƙon harshe. Yagwal ya miƙa masa shi, ya karɓi ulu da azurfa. Da na ga kwana da kwanaki ba baƙonmu, na sami Yagwal a bakin jirgi.

"Baba Yagwal, ina Erandi?"

"Ya tafi buɗe ido. Ke matarsa ce?"

"Amana ce fa. In babu shi ba za su sako Chilan ba."

"Ke yarinya, koma bakin murhu. Mutanen arewa ba sa iya rayuwa ba katantanwata. Ko kare na kai musu na ce ɗansu ne, sai sun yi mini godiya."

Na kai kuka wurin dattawa. Kowannensu yana da kaya a jirgin Yagwal, don haka suka ce in yi haƙuri, yaro zai dawo. Har yau in na tuna yadda suka sunkuyar da kai, raina ɓaci yake.

Da iskar tafiya ta taso, Yagwal ya shelanta cewa sanyin tsauni ya kashe Erandi, an kuma aiko da ƙasusuwansa. Muka yi kuka, ni har na fi kowa. Ashe wani tsohon kabari ya sa aka tone a bayan gari. Mu a wurinmu, duk wanda ya balaga akan huda masa haƙoran gaba a dasa ɗigon zinariya. Yagwal ya ƙwaƙule zinariyar ya adana, ya naɗe ƙasusuwan a kyakkyawan zane. Ramukan kuwa bai ko lura da su ba, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin bakin babba babu su ba.

Abin da ya faru a arewa, yayana Pinkai ne ya ba ni labari, don yana cikin matuƙan jirgin. Ya ce uwar Erandi ta zauna a kan yashi ta kwance zanen da hannunta, gari ya kewaye ta. Ta ɗaga ƙoƙon kan ta daɗe tana dubawa.

"Madugu, wannan ɗan wace ce?"

"Ɗanki ne, Inna. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

"Wa ya huhhuda masa haƙora? Mu ba ma yin haka."

Yagwal ya yi tari, ya ce, "Ado muka yi masa irin namu, don girmamawa."

"Kun kuma tsofar da shi don girmamawa? Dubi matauna duk sun cinye. Wannan ya girme ni. Ka ɗauke mini ɗa, ka tone uban wasu, ka zo kana ce mini Inna!"

Ba su taɓa lafiyar kowa ba. Sun ba matuƙan jirgin ruwan sha da guzuri, suka tura kayan baya ko ƙulli ɗaya ba a kwance ba. Suka ce kada jirgin Salango ya sake tsayawa a gaɓarsu sai da Erandi, ko ƙasusuwansa na gaskiya.

Chilan yana tsaye a wurin, ba igiya a jikinsa. Yagwal ya matsa ya raɗa masa cewa ya biyo su da iyo in sun ɗan yi nisa. Chilan ya juya masa baya, ya ce wa yayana, "Pinkai, matar nan ita ta ciyar da ni kamar ɗanta. Ka gaya wa ƙanwarka, in na gudo, wanda zai iso mata ba shi ne wanda ta yarda ta aura ba. Ku nemo Erandi, ina nan."

Jirgi ya dawo da kayansa kamar yadda ya tafi. Dattawan da suka ce in yi haƙuri su suka fara ɗaga murya, don yanzu asarar ta taɓa su. Aka ƙwace jirgin. Dangin tsohon da aka tone suka hana Yagwal zama a gari, ya ƙare a wata bukka bayan dutse, ba mai gaishe shi. Masu nutso cikin teku suka rasa wanda za su sayar wa katantanwa. An tura mutane tsauni, amma Erandi ya wuce daga hannu zuwa hannu, har yau ba a gano inda yake ba. Chilan yana can arewa, ni ma ban yi aure ba. Duk ayarin da ya sauko, ni ce ta farko da ke tare shi da tambaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba jirgi ko iska ke riƙe hanyar fatauci ba, amana ce. Kakanni sun daɗe suna gina ta, mutum ɗaya mai kwaɗayi ya rushe ta a tafiya guda, ya kuma bar waɗanda ba su ci komai ba suna biya. Kada ka ɗauki wanda aka damƙa maka a matsayin haja. In kuma ka ga ana cin amana, ka yi magana tun da wuri, kada ka jira sai asarar ta iso ƙofarka.