Ranar Da Sanata Ya Rufe Bakinsa

Akwai wani ɗalibi a wata jami'ar Kirista da ke karatun kimiyyar siyasa, wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Sanata. Yaron nan Allah ya ba shi baki. In ya miƙe yana magana, har masu wucewa a baranda sai sun leƙo. Matsalarsa ɗaya ce, kunnensa na ado ne kawai.

A ajin akwai wani mai in'ina da ake kira Sannu-Sannu. Kafin ya fitar da kalma ɗaya sai ya yi gumi. Da ya ɗaga hannu, Sanata zai yi caraf ya ƙarasa masa maganar da abin da bai nufa ba, aji ya kwashe da dariya. A hankali bawan Allah ya daina ɗaga hannu.

To, a shekarar ƙarshe akwai jarrabawar muhawara da wata tsohuwar Farfesa take yi a ɗakin sujada na jami'ar. Wanda ya faɗi, sai ya maimaita shekara. Dokarta kuwa ban taɓa jin irinta ba. Kafin ka mayar wa abokin hamayyarka martani, sai ka faɗi hujjarsa da bakinka, har shi da kansa ya ce, "Haka ne, abin da nake nufi kenan." In bai ce ba, ka faɗi.

"Ba a gina jami'ar nan don ta yaye masu surutu ba," in ji ta. "Wanda zai mulki mutane, ya fara iya ɗaukar maganar wanda ba ya so."

Da aka haɗa ɗalibai bibbiyu, Sanata ya faɗo kan Sannu-Sannu. Tambayarsu ita ce, ya kamata a tilasta wa kowa yin zaɓe? Sanata ya ce e, Sannu-Sannu ya ce a'a.

"Shi ke nan, na gama jami'a," Sanata ya gaya wa abokansa. Har ya kira mahaifiyarsa ya ce ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye su.

Ranar muhawara ɗakin ya cika. Aka yi addu'a, kowannensu ya gabatar da hujjarsa. Lokacin da Sannu-Sannu yake fama da tasa, Sanata na can yana gyara wuyan riga yana yi wa abokai ido.

Farfesa ta ce, "Sannu-Sannu, faɗa mana hujjar ɗan'uwanka."

Ya dafa teburi. Kalmomin suna fitowa da ƙyar, amma suna fitowa.

"Ɗa... ɗan'uwana yana cewa ƙasa ta kowa ce, don haka nauyinta na kowa ne. Amma akwai abin da bai faɗa ba yau. A shekararmu ta farko ya taɓa ba da labari a ɗakin cin abinci. Ma... mahaifiyarsa ta yini a layin zaɓe da ƙafa a kumbure, maƙwabta suna zaune a inuwa suna karta. Wanda ya ci zaɓen bai gyara asibitin unguwarsu ba. Ba mutane yake so a hukunta ba. So yake kada Mama ta sake tsayuwa ita kaɗai."

Sanata ya manta ma ya taɓa faɗin wannan magana. Ashe duk shekarun da yake yi wa mutumin nan dariya, Sannu-Sannu yana zaune yana ajiye maganarsa.

"Haka ne," Sanata ya ce. "Abin da nake nufi kenan."

"Saura kai, ɗana," in ji Farfesa.

Nan fa ido ya raina fata. Sanata ya buɗe baki, ya tarar babu komai a kansa. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Yana cewa a bar malalata su yi barcinsu."

Kowa ya juya ga Sannu-Sannu. Shekarar Sanata gaba ɗaya tana hannunsa, kuma babu wanda zai ga laifinsa in ya rama.

"A'a," ya ce. "Ba haka ba ne."

Sanata ya sunkuyar da kai. Kayan da mahaifiyarsa ta ɗinka suka faɗo masa a rai.

Farfesa ta ɗauki biro, sai Sannu-Sannu ya ɗaga hannu, hannun nan da ya daɗe bai ɗaga ba.

"Ra... ranki ya daɗe, ba zan yi ƙarya in ce ya faɗa daidai ba. Amma ki ba ni izini in maimaita masa."

Tsohuwar ta cire tabarau ta dube shi. "Ka san wahalar da ka sha kafin ka faɗa sau ɗaya?"

"Na sani. Zan ƙara."

Ya sake farawa tun daga farko, gumi na jiƙa masa riga. Ya ce wanda ya ƙi fitowa zaɓe sau da yawa ba rago ba ne, ya yi magana ne ya yi magana, babu wanda ya tsaya ya ji, har ya gaji ya yi shiru. Ya ce in ka tilasta masa, ka samu ƙuri'arsa amma har yanzu ba ka ji shi ba.

Sanata ya ji wannan karon, kuma ya gane Sannu-Sannu labarin kansa yake bayarwa. Da hawaye ya maimaita hujjar, bai rage komai ba.

Sannu-Sannu ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta maƙale. "Ha... ha..." Kowa ya san abin da zai ce, kuma kowa ya san wanda ya saba ƙarasa masa. Sanata ya tsaya hannu a baya, baki a rufe, yana jira.

"Haka ne," Sannu-Sannu ya ƙarasa da kansa.

Farfesa, wadda ba a taɓa ganin ta miƙe wa ɗalibi ba, ta miƙe tsaye. Ɗakin gaba ɗaya ya bi ta.

Darasi: Iya magana baiwa ce, amma wanda ba ya sauraro bai cancanci ya jagoranci ko da gidansa ba. Kada ka raina mai shiru, wataƙila shi ya fi kowa jin ka, kuma wata rana makomarka za ta rataya a bakinsa. Ka tura wa wanda ya saba katse mutane, in kuwa kai ne, karanta sau biyu kafin ka tura.