Iyakar Kibiyar Cindo

A zamanin da fatake ke kai kanwa ƙasar kurmi su komo da goro, an yi wani maharbi mai suna Cindo, wanda ke raka ayarin Madugu Tanko. Kirarinsa shi ne Baushe sha raɓa, na gaban ayari.

Wata shekara damina ta tsare su a tsakiyar kurmi. Mutanen arewa ne da suka saba da ƙishi, saboda haka da suka ga ruwa kwance ko'ina sai suka ce kakarsu ta yanke saƙa. Suka sha na kududdufi, suka sha na fadama. Kafin wata ya ƙare gudawa ta kashe mutum tara, ta kuma kwantar da Dudu, matar Cindo.

Hankalin Cindo ya tashi. Ya shiga daji, ya bi sawun wata ɓauna. Rafi uku ta ƙetare ba ta sa baki ba, sai a gindin wasu manyan itatuwa, inda ruwa ke ɓulɓulowa garau daga ƙarƙashin saiwa. An ce ta waiwayo ta dube shi, ya sauke bakansa, ta ɓace. Ruwan nan ya kai wa Dudu, kwana uku ta miƙe.

Mutum ba ya rabuwa da halinsa. Da ayari ya taso wurin, Madugu ya sa a fito da gatura.

"A sare itatuwan nan mu ga sama, mu kafa zango!"

Cindo ya tsaya gabansu. "Ranka ya daɗe, inuwar nan ce ke riƙe da ruwan. In ka sare ta, baɗi laka za mu sha."

Madugu ya yi dariya. "To, har ina za mu bar maka?"

Cindo ya ɗauki bakansa. Ya tsaya bakin idon ruwan, ya harba kibiya gabas, ya harba yamma, kudu da arewa. Kowacce ta ratsa duhun kurmi ba ta taɓa ganye ba, ta kafe a taku ɗari uku. Madugu ya ce a mayar da gatura.

Garin da ya tsiru a nan shi ne Zangon Cindo. Har yau a cikin iyakar nan ba a sara, ba a wanki, ba a bayan gida. Duk yaron da ya cika shekara bakwai, kakarsa ke zagayawa da shi, ta faɗa masa dalili, ya dasa itace ɗaya da hannunsa. Maƙwabtan da suka sare nasu kurmin kuwa, kullum safe za ka gan su da tuluna a bakin iyaka, suna sallama.