Shafin da Ƙararrawa Ya Zare

A gidan rediyon da yake aiki ba mai kiransa da sunan yanka. Ƙararrawa ake ce masa, saboda Allah ya hore masa murya, ko gaisuwa ya yi sai an waiwayo. Shirin gaishe-gaishe yake gabatarwa, amma burinsa ya zama mai karanta labaran duniya. Sai dai burin a fatar baki ya tsaya. In an ce ya riƙa gwada karatun, sai ya ce, "Murya baiwa ce, ba a koyon ta."

Shi da kansa ya samo wa ƙanin matarsa aiki a gidan, wani siriri da ake kira Dogo, mai saurin magana har yana haɗiye kalmomi. Burinsu ɗaya, amma Dogo bai bar nasa a baki ba. Kullum kafin ma'aikata su iso yana ɗakin ajiya, tsakanin matattun lasifikoki, yana karanta jarida da ƙarfi. Ya ɗauki muryarsa a waya, ya saurara, ya gyara. In sunan wata ƙasa ya gagare shi, sai ya bi editoci da tambaya.

"Kai Dogo, ɓeraye kake karanta wa labarai?" in ji Ƙararrawa.

"Yaya, ai su ma masu sauraro ne," Dogo ya amsa yana dariya.

Wasan ya daina yi wa Ƙararrawa daɗi ranar da shugabar sashen labarai ta ce a gaban kowa, "Dogo, karatunka ya fara nuna." Ƙararrawa ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Yaron da shi ya kawo? A gida ma in matarsa ta yabi ƙaninta, sai ya ture kwanon abinci ya ce ya ƙoshi.

Ana haka tsohon mai karanta labarai ya yi ritaya. Shugaba ta ce za a gwada su biyun kai tsaye, kowa da ranarsa. Maimakon Ƙararrawa ya zauna ya yi shiri, sai ya ƙare kwanakin yana bin ofis-ofis yana cewa Dogo fadanci ya iya, ba aiki ba.

Ranar Dogo ta zo. Ya gama bitar takardun labaran, ya ajiye su a tebur, ya fita shan ruwa. Ƙararrawa ya leƙa, ya ga ba kowa, ya zare shafin tsakiya ya cusa a aljihu.

Jar fitilar da ke nuna an fara watsa shiri ta kama, Dogo ya fara karatu. Da ya juya shafi sai ya yi turus. Ƙararrawa na bayan gilashin ɗakin watsa shiri yana kallo, ransa fari ƙal. Amma Dogo ya saba karanta komai sau da yawa kafin ya shiga. Ya ja numfashi, ya taƙaita labarin da ya ɓata da ka, ya wuce gaba.

Washegari Ƙararrawa ya zauna gaban makirufo da takardunsa cif. Muryar na nan da zaƙinta, amma numfashi ya riƙa yanke masa a tsakiyar jimla, sunayen ƙasashe suka sarƙe masa harshe. Ya fito gumi sharkaf, ya tarar shugaba na jiran sa tare da injiniyan sauti.

"Ba kai kaɗai ke bayan gilashi jiya ba," ta ce. "Injiniya ya ga hannunka lokacin da ka zare shafin."

Aka ba Dogo kujerar, aka dakatar da Ƙararrawa daga aiki. Da ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, Dogo ya zo ɗazu," ta ce. "Roƙo na yake kada in yi fushi da kai, wai ba don kai ba da bai san hanyar gidan rediyo ba."

Ƙararrawa ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Da zagi aka aiko masa, da ya fi masa sauƙi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, buri ba ya cika da faɗa, sai da ɗan aikin da mutum ke yi kullum ba fashi. Baiwar da ba a wasa ta tsatsa take yi. Lokacin da za ka ɓata kana ƙyashin mai ƙoƙari, yi amfani da shi ka gyara naka, domin hassada ga mai rabo taki ce, mai yin ta kuwa shi ke kwana a ciki.