Zaren Gilashi da Man Surukar Hambali

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambata ba. Ana kiransa Malam Hambali. Ba limami ba ne, ba attajiri ba. Aikinsa ɗaya: duk man gyadar da za a kai kicin ɗin makarantar kwana ta garin, shi ke gwada shi. Yana da wata na'ura mai siririn zaren gilashi, kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa. In ya tsoma zaren a mai, hasken ya dawo, na'urar ta nuna ko man lafiyayye ne ko ya ɓaci.

Ku saurara. Wata safiya aka kawo jarkoki shida. Ya tsoma zare, na'ura ta nuna ja, alamar mai ya ɓaci. Ya wanke, ya sake tsomawa. Ja. Gyadar ta sha danshi kafin a matse ta, ta yi fumfuna. To, man na wa ne? Na Iya Tabawa, surukarsa, uwar matarsa. Matar da ko sunanta ba ya kamawa, wadda in ya hango ta a hanya sai ya ratse.

Abokin aikinsa, Sagiru, ya yi dariya ya ce, "Yau ka ga ta kanka! Malam, tsoma zaren a jarkar wani ka rubuta lafiya lau. Zare ba ya da baki."

Hambali ya ce, "Shi ba ya da baki. Ni fa?"

"Gidanka za ka rusa a kan jarka shida?"

Hambali ya rubuta ja a takarda. Ya tafi gidan Iya da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, man bai wuce ba."

Ta ce, "Shekara talatin ina matsar mai. Yau zare ne zai koya mini sana'ata?"

Ya ce, "Iya, hannunki ba shi da laifi. Damina ce ta taɓa gyadar. Amma yara ɗari uku za su ci, kuma ba za su ji a baki ba."

Ta juya masa baya. Wata huɗu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Wata huɗu, jama'a! Kowace Juma'a yana zuwa, yana durƙusawa, yana komawa. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma sauya abin da ya rubuta ba.

Da kaka ta yi, sai ga Iya da kanta a ƙofar ofis. Ta riga ta yi sabulu da wancan man, ta shanya sabuwar gyada a kan daɓe har ta bushe ƙayau. Ta dire jarka ta ce, "Malam, tsoma zarenka." Ya tsoma. Kore. Ta ce, "In da ka ɗaga mini ƙafa wancan karo, da yau ba zan yarda da korenka ba."

To, ’yan'uwa, ga darasin a fili: kunya ba hujjar cin amana ba ce. Na gaji da jin ana cewa a kawo mana na'urori. A kawo! Amma hannun wa zai riƙe su? Mu da muke sa hannu a takarda ba mu duba ba, don mai kayan ɗan unguwarmu ne, mu ce "ba komai, Allah zai kiyaye"? Akwai komai. Ɗan wani ne zai ci. Kai mai awo, ke mai abinci, kai ma'aikaci: ka girmama na gaba da kai, ka durƙusa masa, amma in ja ka gani, ja za ka rubuta.