Ruwan Kwana Uku a Safiya Ɗaya

Floris Hoogland ɗalibi ne mai kaifin basira, kuma ya san da haka. Yana shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar tsirrai na wata jami'a a nan Holan, inda na yi shekara talatin da ɗaya ina kula da ɗakunan gilashin da ake renon shuke-shuken gwaji. Dogo ne, mai fara'a, kowa na son zama kusa da shi lokacin shan kofi. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jure aikin da ke tafiya a hankali. Duk abin da wani zai yi cikin awa biyu, Floris ya yi imani akwai hanyar gama shi cikin minti ashirin, wawaye ne kawai ba su gano ta ba.

A wannan shekarar ya riga ya gama nasa gwajin a kan cutar ganyen tumatir, sauran rubutu. Wani kamfanin iri ya yi masa alkawarin aiki da zarar ya karɓi digirinsa a watan Yuli.

Abokiyar karatunsa, Mirte Aalders, ita alkama take bincike. Tana son ta gano wane iri ne ya fi jure fari. Ta shuka iri tara, kowane iri tukunya goma a layinsa, tukunya casa'in ke nan. Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne da shi. Kowace safiya sai a ɗora kowace tukunya a kan sikeli, a ga yawan ruwan da ta sha tun jiya, a ƙara mata daidai har ta kai nauyin da aka rubuta a jikinta, sannan a rubuta adadin a littafi. Ruwan kaɗan ne ƙwarai, don da gangan ake hana su. A ɗakinmu na uku, inda tukwanen suke, wanda ya tausaya wa shuka ya cuce ta, ya kuma cuci mai ita.

A ɗaki na huɗu akwai wasu tukwane casa'in da aka shuka mako biyu bayan na farko. Waɗannan na ko-ta-kwana ne, na'ura ce ke ba su ruwa har sai an buƙace su. In gwaji ya lalace, sai a koma kansu. In komai ya tafi daidai, ranar Juma'ar da aka ƙayyade ni nake zubar da su, domin a ba wa wasu ɗalibai wuri.

Hutun Fentikos, bikin Kirista da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, ya zo daidai lokacin da alkamar ke fitar da kai, lokacin da ƙishirwa ta fi yi mata illa. A makon kuma za a yi wa mahaifin Mirte aikin zuciya a can arewacin ƙasar. Ina wanke kasake na ji ta tana roƙon Floris.

"Asabar, Lahadi, Litinin. Kwana uku kacal. Ka tuna ni na yi maka gadin tumatirinka a hutun Ista."

"Haba, sarauniyar alkama, har sai kin yi mini gori? Je ki ga babanki."

"Floris, a kan sikeli fa. Ɗaya bayan ɗaya."

"Na ji. In kina so har waƙar barci zan riƙa yi musu."

"Ba na son waƙa. Awa biyu nake so kowace safiya."

Ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu, ta yi dariya, ta hau kekenta ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Abin da ya faru ranar Asabar ban gani da idona ba, ni ma ina hutu. Daga bakin Floris na ji shi daga baya, kuma zan faɗe shi yadda ya faɗa. Abokansa sun yi hayar jirgin ruwa mai filafilai za su kwana biyu a tafki. Ya zo da ƙarfe bakwai da niyyar yin aikin Asabar, sauran kwanakin kuma ya ga yadda za a yi. Ya auna layi takwas yadda ya kamata. Yana isa layi na tara sai motar abokan ta tsaya a waje, aka fara danna ƙaho. Ya ajiye gwangwanin awo, ya jawo tiyo, ya cika tukwane goman nan har ruwa na malala. Ya ce a ransa, sauran layukan ma za su jure, ai dama gwajin fari ne. Ya ja ƙofa ya tafi.

Bai dawo ba sai Talata da sassafe. Layi takwas sun kwana biyu ba ɗigon ruwa, ganyensu ya nannaɗe. Layi na tara ya sha ya ƙoshi, rana kuma ta riga ta busar da shaida. Floris ya mayar da kowace tukunya nauyinta, ya zauna ya cika shafukan Lahadi da Litinin da lambobin da ya kwaikwaya daga na Juma'a, yana ƙara kaɗan nan, yana rage kaɗan can.

Da na shigo ƙarfe takwas na ga abu biyu. Tiyon da nake naɗewa ta dama an naɗe shi ta hagu. Littafin kuma, ni da aka koya wa rubutu a makarantar mishan da bulala a gefe, na san yadda hannu yake in ya yi rubutu a tsaye da jiƙaƙƙun yatsu, na kuma san yadda yake in ya zauna a kujera. Shafukan nan biyu tsaf suke, babu ɗigon ruwa, babu tabon ƙasa.

Na same shi a ɗakin shan kofi yana cin burodi da cuku.

"Floris, wa ya taɓa tiyon ɗaki na uku?"

"Ni ne, Baba Istifanus. Daɓe na wanke. Laifi ne mutum ya taya ka aiki?"

"Littafin ma ka wanke shi? Ban taɓa ganinsa da tsabta haka ba."

Ya daina tauna na ɗan lokaci, sannan ya yi murmushi. "Kai dai, tsoho, da ɗan sanda ka zama da yanzu gidan yari ya cika."

"Ran Juma'a zan zubar da na ɗaki na huɗu," na ce masa. "In akwai dalilin da zai sa a bar su, kafin Juma'a ake faɗa."

"Babu wani dalili."

Mirte ta dawo da rana, fuskarta a sake, an yi aikin lafiya. Ta kawo wa Floris kek ɗin tuffa na godiya. Ta shiga ɗaki na uku, jim kaɗan ta fito da gudu.

"Ku zo ku gani! Baba, zo! Duk sun sunkuya, na tara yana tsaye kamar soja!"

Muka shiga. Gaskiya ne. A cikin ɗakin da komai ya yi ja-ja ya lanƙwashe, layi ɗaya kore shar, zangarniyarsa a miƙe. A shekarun da na yi a wurin ban taɓa ganin koren da ya tayar mini da hankali kamar wannan ba. Na dubi Floris. Yana duban rufin gilashi.

"Dama na faɗa," in ji Mirte. "Tun farko zuciyata ta ba ni na tara ne. Floris, hannunka akwai albarka."

"Ai na ce miki zan yi musu waƙa," ya ce.

Laraba ta wuce. Alhamis na gan shi sau biyu ya zo bakin ɗaki na huɗu ya tsaya, ya leƙa ta gilashi, ya juya. Juma'a da safe na kawo baro. Mirte ta sa hannu a takardar izinin zubarwa tana waya da mahaifiyarta. Floris yana wurin. Na riƙe tukunyar farko, na daɗe ban kife ta ba.

"A zubar?" na tambaya, ina dubansa.

"Mirte ce mai kaya, ba ni ba," ya ce. Sannan ya naɗe hannun riga ya taya ni. Shi da kansa ya tura baron zuwa ramin taki, sawu shida. Bai yi barkwanci ko sau ɗaya ba.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Na yi zargi, ban da hujja, na kuma gaya wa kaina cewa ba aikin mai kula da ɗakin gilashi ba ne ya ɓata sunan ɗalibi saboda naɗin tiyo. Da na ɓoye tukwanen nan a bayan rumbu na mako ɗaya, ba wanda zai tambaye ni. Ban yi ba.

Daga nan labarin iri na tara ya yi ta girma. Farfesa Terpstra, malamar da ke duba aikin Mirte, ta zo da kanta ta ɗauki hotuna. Aka girbe, aka auna hatsi, na tara ya ninka sauran. Wata cibiyar bincike ta ce za ta ba Mirte gurbin digiri na uku don ta ci gaba da aikin. Ɗalibai suka riƙa ce mata uwar alkama. Duk sanda aka ambaci na tara a wurin shan kofi, Floris sai ya tuna yana da rubutu, ya tashi. Ya rame. Ya daina bi ta gaban ɗaki na uku, ya koma zagayawa ta wurin ajiye kekuna ko ana ruwan sama. Wata rana Mirte ta nuna masa shafin godiya na kundinta, inda ta sa sunansa bayan na iyayenta.

"Cire shi," ya ce.

"Don me? Kunya kake ji? Yaushe ka fara?"

"Ban yi komai ba."

"Ka yi mana. Ba don kai ba da ban je wurin babana ba."

Sauran kwana goma sha biyu a yaye su aka miƙa kundin ga mai jarrabawa na biyu, Dakta Wijnen, mutum mai shiru wanda ke karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya da fensir a hannu. Shi ya lura cewa ranar Lahadin Fentikos an wuni ana ruwa, gari a lumshe, Litinin kuma rana ta take kamar tsakiyar bazara, amma a kundin Mirte alkamar ta sha ruwa kusan daidai a ranakun biyu. Shuka ba ta yin haka. Bai yi hayaniya ba. Ya rubuta wa kwamitin jarrabawa cewa yana zargin an ƙirƙiri lambobi.

Aka kira Mirte. Ta fito daga ofishin fuskarta fara fat, ta zo wurina neman littafin. Ta buɗe shafukan, ta daɗe tana kallo.

"Rubutun Floris ne," ta ce a hankali. "Amma ai ya zo. Ya ce ya zo. Baba, ya zo ko?"

Na gaya mata maganar tiyo. Kallon da ta yi mini ya ishe ni.

Ko a gaban kwamiti Floris bai saki ƙaryar nan da nan ba. Ya ce ya zo kullum, wataƙila sikelin ne ya sami matsala. Farfesa Terpstra ta tura masa takarda ɗaya a kan tebur. Ƙofar ɗakunan gilashi da kati ake buɗe ta, kuma na'urar tana ajiye sunan duk wanda ya shiga. Daga ƙarfe tara saura kwata na safiyar Asabar har zuwa Talata, ba wanda ya taɓa ƙofar. Sai a lokacin ya faɗi komai, har da maganar ƙaho da tiyo.

An dakatar da shi shekara guda, aka kuma ce sai an sake duba lambobin tumatirinsa tun daga farko, domin yanzu ba wanda ya yarda da su. Kamfanin iri ya ɗauki wani. Mirte an wanke ta daga zargi, amma wankewar ba ta dawo mata da komai ba. Sakamakon layuka taran duka ya zama banza. Alkamar da za ta cece ta ta riga ta ruɓe a ramin taki. Aka ce ta sake shuka a shekara mai zuwa. Cibiyar binciken ta rubuto cikin ladabi cewa ba za ta iya jira ba.

Ranar bikin yaye ɗalibai harabar ta cika da iyaye ɗauke da furanni. Mirte ta zo ta ƙofar baya don kwashe kayanta daga akwatin ajiya. Floris ma ya zo mayar da katinsa. Suka haɗu a lungun da ke tsakanin ɗaki na uku da na huɗu, ni ina ciki ina shara. Daga babban zaure ana jin tafi duk sanda aka kira suna.

"Mirte, ban san abin da zan ce ba."

"Kana da kwana huɗu da za ka ce shi," ta ce. "Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Da ka faɗa mini ran Talata, da na zage ka tas, na hana ka kek ɗina, ran Laraba mu koma ɗaki na huɗu tare. Da yanzu muna can ciki ana tafa mana."

"Tsoro na ji."

"Na wa? Nawa?"

Ta saɓa jakarta ta fita. Ba ta dawo shuka a shekarar da ta biyo baya ba, kuma ban sake ganinta ba.

Mai karatu, gaggawar Floris ta safiyar Asabar kuskure ne irin wanda ake gyarawa, kuma hanyar gyaran tana nan a ɗaki na gaba tana jiransa. Abin da ya hallaka shi, ya kuma ja marar laifi tare da shi, shi ne shirun da ya biyo baya. In an ba ka amanar aikin wani, yi shi yadda mai shi ya ce, ko da kana ganin ka fi shi dabara. In kuma ka gaza, faɗa a ranar, tun ana iya yin wani abu, domin kunyar da kake gudu ƙarama ce a yau, kullum ta kwana ƙaruwa take. Wanda kuma ya ga alamar ɓarna ya yi shiru don kada ya shiga abin da ba nasa ba, kamar yadda na yi, ya sani shi ma yana da kaso a cikinta.